Na Kai Yaya Habu Badun

Tun da na dawo daga Badun ban huta da tambaya ba. A makaranta malamai 'yan uwana su tare ni, a kasuwa masu bandar kifi su tare ni, kowa so yake ya ji ko gaskiya ne akwai gidan da ya fi rimi tsawo, ko kuma da gaske Yarabawa na cin barkono kamar tuwo. Wasu sukan wuce ni su je wajen Yaya Habu, tunda tare muka je, su dawo suna cewa yana yi musu rowar labari. Ba rowa ba ce. Yaya Habu bai san ya je Badun ba. Don haka na ga gara in zauna in rubuta sau ɗaya in huta.

Sai na fara da abin da ya kai mu. Yaya Habu wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya tsaya kai da fata sai da na yi boko na zama malamin firamare. A ƙauyenmu da ke kusa da Guri babu wanda ya fi shi sanin ruwa, har farfaɗiya ta kama shi ya bar hawa gora don kamun kifi, ya koma saƙar koma, wato ragar su, a gida. A asibitin Haɗeja aka ɗora shi kan wasu fararen ƙwayoyi, aka ja mana kunne kada ya tsallake ko da rana ɗaya. Ni nake karɓo su, ni nake ajiye su a gwangwani a ɗakina, wai don ni ne ɗan boko mai hankali. Shekara biyu cur bai faɗi ba.

Ƙwayoyin suna sa barci, labari kuwa ya zaga gari cewa Malam Idi, wato ni, na da maganin barcin Turawa. Wata rana surukina, Baba Bukar, ya zo da ƙafarsa, bai aiko ba. Ya zauna a zaure ya ce tun da ɗansa ya tafi yaƙi bai dawo ba, idonsa bai san barci ba. Duk wanda ya san mutanenmu ya san ba a duban idon suruki a ce masa babu. Na ɗebo na ba shi. Ya dawo sau biyu, na sake ba shi, ina cewa a raina zan je Haɗeja da wuri in cike gurbin. Sai ruwa ya zo kafin lokacinsa ya yanke hanyar mota, ga jarrabawar yara a kaina, na yi ta gobe da jibi har gwangwani ya yi ƙaf. Na ce wa Hajjo, matar Yaya, 'yan kwanaki ba za su yi komai ba.

A rana ta huɗu da ƙarewar maganin ciwon ya kama Yaya da hantsi. Ya sake shi, ya sake kamawa, haka har bayan la'asar. Muka yi abin da ake yi: aka kashe wuta, aka kori yara, kowa ya ja baya don kada kumfar bakinsa ta taɓa shi, muna jira ya sake shi don kansa. Da ya farka a asibiti bayan kwana uku ya gane mu duka, ya san sunan kowa, amma daga ranar sabon abu ba ya zama a kansa. Hajjo ta haihu bayan wata biyu, mace. Har yau duk sanda ya ga jaririyar sai ya tambaya ta wace ce.

Ba wanda ya san zancen gwangwanin. Hajjo ta ɗauka ruwa ne kawai ya hana ni, Baba Bukar kuwa har yanzu addu'a yake yi mini don ya samu barci. Da wani likita a Kano ya rubuta mana takarda zuwa babban asibitin Badun, abu biyu na sa a rai: a warkar da Yaya, a kuma ce mini ba rashin maganin ne ya jawo ba. In faɗi gaskiya, ban san wanne na fi so ba.

Mun tashi bayan ruwa ya ja. Motar da ta ɗauke mu daga Guri cike take da kwandunan banda, muka zauna a kansu har rigunanmu suka ɗauki warin da bai bar mu ba sai a Badun. Sau biyu muka kafe a laka aka sauka turawa. Yaya kuwa murna yake yi, yana nuna mini kowace fadama da sunanta, da irin kifin da ake samu a cikinta, da wanda ya taɓa nutsewa a wurin. Duk wanda ya ji shi a motar nan ba zai ce da abin da ke damunsa ba.

A tashar jirgin ƙasa ta garin Malam Madori aka fara. Jirgi na tashi ya juyo ya ce, "Idi, ina za mu?" Na faɗa masa. Kafin a ɗan taɓa tafiya ya sake tambaya. Da ma na rubuta masa a takarda da ajami cewa Badun za mu wajen likita, kuma ina tare da shi, na sa masa a aljihu, amma sai ya manta akwai takarda. Ni kuwa Allah bai yi ni da haƙuri ba, yaran ajina shaida ne. Kafin mu kai Ringim na daka masa tsawa a gaban mutane. Ya sunkuyar da kai, can kuma ya ɗago da fara'arsa ya sake tambaya. Shi ya manta tsawar, ni na kwana da ita.

A Kano muka shiga babban jirgin Ikko. Benci ɗaya muka samu da wata Bayarabiya mai fataucin busasshen tattasai, Iya Sikira, ƙatuwar mace mai murya kamar ta sanƙira. Buhunanta sun cika ƙarƙashin benci har muka rasa inda za mu sa ƙafa, atishawa kuwa ba a magana. Da farko na tsane ta. Hausarta a karye take amma ba ta jin kunyar yin ta, kuma da ta ji yadda nake amsa wa Yaya sai ta tambaye ni wane ne babba a cikinmu. Na ce shi. Ta ce a garinsu ƙanen da ya yi wa wansa magana haka, uwarsu ma sai ta sha tambaya.

A Kaduna jirgi ya daɗe a tsaye. Na sauka cika buta, na dawo babu Yaya. Na bi tarago tarago ina kiransa, gumi na zuba, har na hango shi can a ɗaya dandamalin yana tambayar wani ma'aikaci jirgin Nguru. Takardar da na rubuta masa tana hannunsa, ya ƙunshe ƙuli-ƙuli da ita. Na ja shi muka shiga jirgi yana motsi. Iya Sikira ta sunkuya ƙarƙashin benci. Ta jawo wata tsohuwar ragar da take ɗaure kaya da ita, duk ta yayyage, ta miƙa masa da zare. Yaya ya karɓa ya duba, ya yi tsaki ya ce wanda ya saƙa wannan bai san aiki ba, ya kama gyara. Daga nan tambayar ta ragu ƙwarai. Wata shida ina tare da shi ban gane cewa in hannunsa na aiki hankalinsa na kwanciya ba, mai tattasai ta gane a wuni ɗaya.

Iyakar Arewa a wurina Jebba ce, ko da taswirar da nake koya wa yara ba ta ce haka ba. Kafin a hau gadar kogin Kwara sojoji suka shigo suna duba kaya. Ɗaya ya tsaya kan Yaya ya tambaye shi inda za shi. Yaya ya ce Nguru za mu kai banda. Sojan ya duba tikiti ya ga Badun, ya dube ni, ya ce mu sauka. Ina ta lalube neman takardar likita, sai Iya Sikira ta miƙe ta rufe sojan da faɗa, da Yarabanci da Turancin kasuwa, tana nuna kanta da yatsa tana nuna Yaya. Sojan ya karanta takardar a hankali, ya ce akwai abokinsa da ya dawo daga daji haka, ya miƙo mini ita ya wuce.

Da jirgi ya hau gada Yaya ya ajiye raga ya leƙa. Ya daɗe yana kallon Kwara. Ya tambaye ni yaushe wannan ruwan yake ja, na ce ba ya ja sosai kamar namu. Ya girgiza kai ya ce to mutanen nan abin tausayi ne, ina za su shuka shinkafa.

Badun gari ne a kan tuddai, rufin kwano mai tsatsa iya ganinka, kuma a lokacin da mu muka gama da damina su ruwa bai ɗauke musu ba. Iya Sikira ta sa mu a mota da kanta zuwa Sabo, unguwar Hausawa, ta ƙi karɓar godiya. Muka sauka gidan wani Alhaji Tanko mai goro. Bakatsine ne a baki, amma a nan aka haife shi, bai taɓa ganin Katsina ba, yana ta tambayata ko gaskiya ne a Arewa mutum na iya hango gari tun da sauran tafiyar wuni. Ya ba mu ɗaki kusa da inda ake naɗe goro da ganye.

Abinci ya ba mu wuya. Akwai wani baƙin tuwo da suke kira amala, da miya mai yauƙi kamar karkashi, sai dai barkonon da ke ciki zai iya tayar da matacce. Kullum aka kawo sai Yaya ya matso kusa da ni ya raɗa mini cewa tuwon mutanen nan ya ƙone, kada mu nuna mun gani. Kwana goma sha ɗaya muka yi, sau goma sha ɗaya ya rufa musu asiri. Na ga ƙato da gemunsa ya kwanta rub da ciki a titi don gaida dattijo. Na ga kabari a ƙofar gida ana shanya a kansa. Na ga ana kiɗa da rawa don tsohuwa ta mutu, abin ya ba ni haushi, har Alhaji Tanko ya ce murna suke yi ta ga jikokinta kafin ta tafi. Kasuwa kuwa ta mata ce, namiji sai dai ya yi dako.

Sai da muka yi jeka ka dawo na kwana huɗu kafin mu ga likitan ƙwaƙwalwa. Na shirya Turancina tsaf, sai ya gaishe mu da Hausa har da karin harshen gabas. Ashe a Nguru aka haife shi, ubansa akawun jirgin ƙasa ne. Ya tambayi Yaya hanyoyin ruwa daga Haɗeja zuwa Gashuwa, Yaya ya jero masa su ba gargada. Sai ya ce ya riƙe kalmomi uku: jaki, gora, Talata. Suka ɗan taɓa hira kan farashin tarwaɗa, ya ce to maimaita mini. Yaya ya yi dariya ya ce ai ba a ba shi wasu kalmomi ba. Washegari aka manna masa wayoyi a ka, wasu alƙaluma suna ta zane a doguwar takarda, shi kuwa yana tambayar ma'aikaciyar wane irin aski ne wannan.

A rana ta ƙarshe likitan ya bar Yaya a waje da ragarsa, ya kira ni ofis ni kaɗai. Ya kunna mini wani faifai da ya zo da shi daga Ingila, inda ya yi karatu. Na ji ƙas, ƙas, jefi-jefi. Ya ce muryar ƙwayar jijiya guda ɗaya ce a ƙwaƙwalwar dabba, an jona ta da lasifika. Sai ƙarar ta ɓarke kamar ana toya gugguru. Ya ce a nan ne aka ɗiga mata wani sinadari ta bakin wani siririn gilashi da bai kai gashi kauri ba. Sunansa gulutamet.

Ya yi mini bayani yadda nake yi wa 'yan aji uku. Ƙwaƙwalwa cike take da irin waɗannan ƙwayoyi, kuma ba sa taɓa juna, akwai 'yar tazara tsakaninsu. In ɗaya za ta ba ɗaya saƙo sai ta fesa mata ɗan sinadari. Wani sinadarin tayarwa yake yi, wani kwantarwa. A cikin masu tayarwa, shi da waɗansu masana suna zaton gulutamet ne babba, ko da yake ya ce har yanzu ana gardama a kai. Ya ƙara da cewa shi ne ma ke ba daddawa daɗinta. Na yi zumbur na ce to a hana Yaya daddawa. Ya yi dariya ya ce in bar wa mutum miyarsa, wanda aka ci ba ya isa can da yawa, ƙwaƙwalwa ita ke yin nata.

Ya ce a lafiya kaɗan ake fesawa, nan da nan kuma a kwashe. Amma in farfaɗiya ta daɗe ba ta saki ba, ƙwayoyin sai su yi ta tayar da juna babu hutu, har waɗanda aka fi matsa wa su mutu. An ga haka a beraye. Ya ce in tuna ruwanmu: in ya zo ya ja a samu shinkafa, in ya zo ya zauna ta ruɓe. Wurin da ke ajiye sabon abu a ƙwaƙwalwa yana cikin wuraren da ba su da juriya, shi ya sa tsohon ya tsira sabon ba ya shiga. Ƙwayoyin da Yaya ke sha kuwa ɓangaren kwantarwa suke ƙarfafawa, jiki ya saba da su, in aka janye su rana ɗaya sai tayarwar ta rasa mai riƙe ta.

Sai ya tambaye ni ko Yaya ya tsallake magani kafin ranar, kuma wa ke riƙe da shi. Na faɗa masa komai, har da Baba Bukar. Shi ne mutum na farko da ya ji. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce ya san yadda suruki yake a wurinmu. Na tambaye shi ko da an sha maganin ma abin zai iya faruwa.

Ya ce, "Malam, so kake in ce maka ko yaya aka yi sai ya faru. Ba zan iya faɗa maka haka ba."

Na ce, "To waɗanda suka mutu, suna sake tsirowa?"

Ya ce, "Ba sa tsirowa. Ka riƙe masa maganinsa don a tsare abin da ya rage. Abin da nake da shi ke nan."

Na fito na tarar da Yaya a benci yana koya wa wani majinyaci ƙullin koma da hannu, ba mai jin yaren wani. Na zauna kusa da shi. Mun ratsa ƙasar nan tun daga sama har ƙasa don in ji abin da zuciyata ta riga ta sani, kuma babu ko ƙwaya ɗaya sabuwa da aka ƙara mana.

A hanyar dawowa, bayan mun wuce Ilori da azahar, tarago ya ɗan yi sauƙi. Na ce Yaya ina da magana. Na faɗa masa yadda na ba da maganinsa, da yadda na yi ta jinkiri, da abin da likita ya ce. Ya ajiye zaren ya dube ni, irin kallon da rabona da shi tun ina yaro.

Ya ce, "Kai da na sa a boko, Idi. Don kunyar wani ka ba da kaina?"

Ya juya wajen taga, na ga hawaye na bin gemunsa. Ban taɓa ganin Yaya na kuka ba, ko ranar da muka binne mahaifinmu. Na zauna ina jiran sauran, na ce ko duka ne ya yi in samu sauƙi. Sai jirgi ya tsaya a wata 'yar tasha, masu talla suka taso. Ya leƙa ya karɓi lemo, ya ɓare, ya miƙo mini rabi, ya tambaye ni me ya sa idona ya yi ja, ko hayaƙin jirgi ne.

Washegari kusa da Minna na sake faɗa masa, kalma da kalma. Wannan karon sai ya tambaya ko Baba Bukar ya samu barcin. Na ce ya samu. Ya ce, "To na yafe. Ni ma da ni ne ba zan iya hana shi ba." Na kama hannunsa na yi kuka kamar yaro, mutane na kallo. Kafin mu kai Kaduna ya tambaye ni ina za mu.

Tun da muka dawo na faɗa masa sau uku. Sau ɗaya ya tashi ya bar mini wurin, sau ɗaya ya yafe, sau ɗaya ya ce ƙarya nake yi, ƙanensa ba zai yi haka ba. Ban san wacce ce amsarsa ba, kuma na gane ba zan taɓa sani ba. Na daina, don na lura ko ya manta maganar, yakan wuni jikinsa a sanyaye bai san dalili ba.

Saura Hajjo. Kullum da safe nakan kai maganin da hannuna in tsaya sai ya haɗiye. Ita kuma ta fito ta gaishe ni, ta ce Allah ya saka mini da alheri da na kai mata miji har Badun, ba kowane ƙane ne zai yi ba. Sau biyu na buɗe baki na rufe. Wannan rubutu ba zai bar hannuna ba sai na zauna a gabanta na faɗa mata, kuma wannan ne abin da ya fi tafiyar duka ba ni tsoro. Ita in na faɗa mata sau ɗaya, ya zauna ke nan.